Nazarin Lamari: Yadda Ceres Ta Ɓata Bayan Kwana 41, da Yadda Lissafi Ya Sake Nemo Ta

Ceres ita ce ta farko da aka gano cikin duwatsun da ke zagaya Rana tsakanin duniyar Mars da duniyar Jupiter, kuma ita ce babbarsu. Mutum ɗaya ne ya gan ta a farkon shekarar 1801, daga cibiyar nazarin taurari guda ɗaya, da na'ura guda ɗaya. Bayan kwana 41 ta fita daga idonsa, aka kwashe kusan wata goma babu wanda ya san inda take a sama. Ga yadda matsalar ta faro, da abin da aka gwada bai yi ba, da abin da ya yi.

Kafin 1801: gurbin da babu kowa a cikinsa

Masana falaki suna auna nisan duniyoyi da nisan da ke tsakanin Rana da Duniyarmu, wato kimanin kilomita miliyan 150. A nan za mu kira wannan nisa "awo". A 1766 Johann Titius ya lura da wani jerin lambobi, Johann Bode ya yaɗa shi a 1772. A ɗauki 0, 3, 6, 12, 24, 48, 96, a ƙara 4 a kan kowace, a raba da 10. Abin da zai fito shi ne 0.4, 0.7, 1.0, 1.6, 2.8, 5.2, 10.0. Kowace lamba ta yi kusa da nisan wata duniya da aka sani, ban da 2.8, wadda ta faɗa tsakanin Mars da Jupiter inda ba a san komai ba. Babu wata hujjar kimiyya a bayan jerin, shi ya sa da yawa ba su ɗauke shi da muhimmanci ba. Sai a 1781 William Herschel ya gano Uranus a nisan awo 19.2, ga shi kuma lamba ta gaba a jerin 19.6 ce. Daga nan aka daina yi wa gurbin 2.8 kallon wasa.

A watan Satumba na 1800 wasu masana suka taru a Lilienthal, kusa da Bremen a Jamus, bisa ƙoƙarin Franz Xaver von Zach. Suka yanke shawarar raba hanyar burujai gida 24, kowane gida digiri 15, a ba masani ɗaya gida ɗaya ya tsefe shi tauraro bayan tauraro. Cikin waɗanda aka zaɓa akwai Giuseppe Piazzi, limamin Katolika mai kula da cibiyar nazarin taurari ta Palermo a tsibirin Sisili. Takardar gayyatar ba ta riga ta iso hannunsa ba lokacin da abin ya faru.

Aikin da ke gaban Piazzi daban ne: yana tsara kundin matsayin taurari. Na'urarsa wani zoben awo ne mai faɗin ƙafa biyar, wanda Jesse Ramsden ya ƙera a Landan ya kammala a 1789, da madubin hangen nesa mai bakin santimita 7.5 ɗaure a jikinsa. Yadda yake aiki da ita yana da muhimmanci ga duk abin da ya biyo baya. Yana jiran tauraro ne ya tsallaka layin zawali, layin da ya tashi daga kudu ya bi ta saman kai ya sauka arewa. Daidai lokacin tsallakawar sai ya rubuta abu biyu: lokacin da agogo ya nuna, wanda ke ba da matsayin tauraron ta gabas ko yamma, da tsayinsa a zoben, wanda ke ba da matsayinsa ta kudu ko arewa. Kowane tauraro sai ya maimaita masa awon dare da dama a jere kafin ya yarda da lambar.

1 ga Janairu zuwa 11 ga Fabrairu 1801: gani 24

Daren 1 ga Janairu 1801, wajen ƙarfe tara saura, Piazzi yana neman wani tauraro da ke cikin tsohon kundin Lacaille a burjin Saura, kudu da Kaza da 'Ya'yanta. Ya ga wani ɗan tauraro mai haske a mataki na 8 ya riga shi shigowa. A wannan ma'auni, gwargwadon girman lambar gwargwadon dushewar hasken. Mataki na 8 ya fi ƙarfin ido zalla, wanda iyakarsa wajen mataki na 6 ce, amma a madubi ba wani abin mamaki ba ne. Ya auna shi, ya rubuta. Washegari lambobin suka saɓa da na jiya. Abu na farko da mai awo zai zarga shi ne kansa ko agogonsa. Dare na uku da na huɗu suka kawar da wannan zargi: ɗigon hasken yana matsawa yamma kaɗan kaɗan, kuma yana hawa arewa.

Kafin tsakiyar Janairu tafiyarsa ta yamma ta tsaya, ya juya ya kama hanyar gabas. Wannan juyi ba daga abin kansa yake ba. Duniyarmu ta fi shi sauri a zagayen Rana, to lokacin da take wuce shi sai a ga kamar yana ja da baya, idan ta yi gaba sai ya koma tafiyarsa ta asali. Wurin tsayawar yana ɗauke da labarin nisa. Mars takan tsaya ne idan tana kimanin digiri 136 daga Rana a sama, Jupiter kuwa wajen digiri 116. Wannan ya tsaya a tsakanin biyun.

Piazzi ya gan shi sau 24 gaba ɗaya, na ƙarshe ranar 11 ga Fabrairu. Abu biyu suka yanke aikin. Na farko rashin lafiya ta kwantar da shi. Na biyu kuwa ko da lafiyarsa ƙalau zai zo: kowane tauraro yana tsallaka layin zawali da wuri da kusan minti huɗu a kowane dare. Minti huɗu sau 41 ya haura awa biyu da rabi. Abin da ke tsallakawa ƙarfe tara saura a farkon Janairu, zuwa 11 ga Fabrairu yana tsallakawa ne wajen ƙarfe shida na yamma, sama ba ta gama duhu ba. Ɗigo mai mataki na 8 ba ya fitowa a irin wannan haske. An gwada nemansa nesa da layin zawali da wani madubin, amma a can babu zoben da zai nuna wane ɗigo ne shi cikin ɗigogin da suka yi kama da juna, ba a dace ba.

Abin da aka samu ke nan: kwana 41, tafiyar kimanin digiri 3 a sama kamar yadda ake gani daga nan, wadda ta yi daidai da kusan digiri 9 na zagayen Rana. Bai kai kashi 3 cikin 100 na falakin ba, wato hanyar da abin ke bi yana zagaya Rana.

Janairu zuwa Satumba 1801: labari a hanya

Ranar 24 ga Janairu Piazzi ya rubuta wasiƙa biyu, ɗaya ga Barnaba Oriani a Milan, ɗaya ga Bode a Berlin. Ya kira abin tauraro mai wutsiya. Ga Oriani, abokinsa, ya ƙara da cewa tafiyarsa a hankali take kuma a daidaice, babu hazo a jikinsa, har ya sha raya masa cewa wataƙila abin ya wuce tauraro mai wutsiya. Matsayi biyu kacal ya saka a wasiƙun, da bayanin lokacin da abin ya juya. Turai tana cikin yaƙi, wasiƙa tana daɗewa a hanya. Ta Bode ba ta isa ba sai a watan Maris, ta Oriani sai Afrilu. Kafin cikakkun lambobin su isa hannun wani mai na'ura a wani gari, abin ya riga ya kusanci Rana a sama, nemansa ya yi wuya.

Bode ya ɗauki 'yan lambobin nan ya gwada su da falaki mai siffar da'ira, ya ga sun faɗa tsakanin Mars da Jupiter. Shi da von Zach suka gamsu cewa duniyar da ake nema ce. Cikakken jerin awon kuwa sai a Afrilu Piazzi ya aika wa Oriani da Bode da Jérôme Lalande na Paris, kuma bai fito a bainar jama'a ba sai a fitowar watan Satumba ta mujallar von Zach mai suna Monatliche Correspondenz. Tsakanin gani na ƙarshe da ranar da kowane mai lissafi zai iya sa hannu a kan lambobin, wata bakwai ne.

Tsakiyar 1801: siffofi uku da aka gwada

Don a san inda abu zai kasance a sama bayan wata goma, dole a san falakinsa, kuma falaki yana da lambobi shida. Biyu suna ba da girmansa da bauɗewarsa daga da'ira. Biyu suna ba da yadda faifan falakin ya karkata da kuma inda ya yanki faifan da Duniyarmu ke tafiya a kai. Ɗaya tana nuna ɓangaren da wurin kusantar Rana yake fuskanta. Ta shida tana faɗin inda abin yake a kan falakin a wani lokaci sananne. Kowane gani ɗaya yana ba da lamba biyu ne kawai, wato alƙiblar da abin yake. Nisansa ba ya cikin abin da madubi ke nunawa.

Masanan lokacin ba su taɓa fuskantar wannan matsala a wannan siffa ba. Tsoffin duniyoyi suna da awo na ɗaruruwan shekaru. Uranus tafiyarta a hankali take, ana ganinta shekara bayan shekara, aka kuma tarar da tsoffin awonta a kundaye inda aka rubuta ta a matsayin tauraro. Taurari masu wutsiya kuwa akwai hanyarsu, wadda Heinrich Olbers ya sauƙaƙa a 1797: a ɗauka falakin buɗaɗɗe ne, abin ya zo ya kewaye Rana ya tafi ba dawowa. Wannan zato yana rage lambobin da ake nema zuwa biyar.

An fara da wannan, tunda mai ganowar da kansa ya ce tauraro mai wutsiya ne. Johann Karl Burckhardt ya gwada a Paris, lambobin Piazzi suka ƙi hawa buɗaɗɗen falaki. Wannan hanya ta mutu da wuri, kuma mutuwarta ta tabbatar da cewa abin yana da rufaffen falaki.

Sai da'ira. Idan aka ɗauka falakin da'ira ce cif, bauɗewa ta zama sifiri, wurin kusantar Rana ya ɓace, lambobi huɗu suka rage, gani biyu ya isa a fitar da su. Olbers da Piazzi da wasu duk sun fitar da da'irori. Sun dace da awon kwana 41 ba laifi, domin guntun lanƙwasa mai digiri 9 zai hau kan da'irori da yawa. Matsalar tana gaba. Abin da ke kan da'ira saurinsa ɗaya ne kullum. Ceres kuwa bauɗewarta kusan 0.08 ce, kuma wannan 'yar lamba ta isa ta sa saurin juyawarta a kusa da Rana ya fi na nesa da fiye da kashi ɗaya cikin uku. A 1801 tana kan hanyar zuwa wurin kusantar Rana ne, saurinta yana ƙaruwa wata bayan wata. Duk jadawalin da aka gina a kan da'ira sai ya riƙa barinta tana yin gaba, tazarar tana faɗaɗa.

Burckhardt ya kuma fitar da falaki mai siffar matsattsiyar da'ira, irin wadda Kepler ya nuna duniyoyi suna bi. Siffar daidai ce, amma hanyoyin da ake da su suna buƙatar a fara da zato a kan wasu lambobin, kuma guntun awo ba ya da ƙarfin da zai gyara zaton da aka fara da shi ba daidai ba.

Daga ƙarshen watan Agusta zuwa Nuwamba abin ya kamata ya fito da asuba, masana a Jamus da Faransa da Ingila suka yi ta nema a wuraren da jadawalai suka nuna. Ba wanda ya gan shi. A yi la'akari da girman aikin: taurarin da haskensu ya kai mataki na 8 kusan ɗaya ne a kowane murabba'in digiri na sama, na mataki na 9 sun ninka haka wajen sau uku, kuma a lokacin yawancinsu ba sa kan kowace taswira. Ceres ba ta da wata alama da ta raba ta da su sai motsi. Mai nema dole ya zana duk ɗigogin wuri, ya jira dare mai kyau na gaba, ya sake zanawa, ya kwatanta. Idan jadawalinsa ya kauce da digiri biyar, wato faɗin wata sau goma, zai ƙare lokacinsa yana zana filin da abin bai taɓa shiga ba. Har wasu suka fara shakkar ko akwai abin ma.

Satumba zuwa Disamba 1801: gani uku, ba tare da zaton siffa ba

Carl Friedrich Gauss yana da shekara 24, yana zaune a Braunschweig, a shekarar ne kuma littafinsa kan ilimin lambobi ya fito. Da jerin awon Piazzi ya shigo hannunsa, sai ya sa wa kansa tambayar a siffarta mafi wuya: a fitar da duk lambobi shida daga guntun awo, ba tare da an ɗauka tun farko cewa falakin da'ira ne ko buɗaɗɗe ba. Gani uku lamba shida ne, abin nema ma shida. A takarda ya isa. Wahalar ita ce yadda za a warware shi da alƙalami.

Shi da kansa ya faɗa a littafinsa Theoria Motus na 1809 cewa hanyar da ya buga ta sha gyara har ba ta cika kama da wadda ya yi aiki da ita a 1801 ba. Amma ƙashin bayanta ga shi.

Ana zaɓar gani uku masu tazara, ɗaya daga farko, ɗaya daga tsakiya, ɗaya daga ƙarshe. Ana tsabtace su daga abubuwan da ke karkatar da awo, kamar lanƙwasar haske a iska da kasancewar mai awo a doron Duniya ba a tsakiyarta ba. Ana ɗauko matsayin Duniyarmu na kowace ranar daga jadawalin Rana. Yanzu akwai layi uku miƙaƙƙu, kowane ya tashi daga inda Duniya take ya nufi inda aka ga abin. Abin yana wani wuri a kan kowane layi. Nisa uku ake nema.

Sharaɗi na farko: wuraren uku da Rana dole su kwanta a faifai ɗaya. Wannan yana ba da damar a rubuta matsayin tsakiya ta hanyar na farko da na ƙarshe, da taimakon girman alwatikan da kowane wuri biyu suka yi da Rana. Sharaɗi na biyu dokar Kepler ce: layin da ya haɗa abin da Rana yana share fili daidai gwargwadon lokacin da ya wuce. Filin da aka share yana da lanƙwasasshen baki, alwatika kuwa bakinta a miƙe yake, don haka alwatikar takan gaza filin da ɗan kaɗan. Wanda ya yi watsi da wannan ɗan kaɗan ya jefar da amsar, domin a cikinsa ne jan Rana yake, kuma girmansa ya dogara da nisan abin daga Rana. Gauss ya riƙe shi. Da aka shigar da shi, sai lissafin ya tattaru a kan abin nema guda ɗaya, nisan gani na tsakiya, wanda ake samu ta gwaji da gyara.

A nan akwai tarko. Lissafin yakan ba da amsa fiye da ɗaya. Ɗaya daga ciki falakin Duniyarmu ce da kanta, tunda ita ma tana kan layukan uku, a nisan sifiri. Ana zubar da ita, da duk amsar da ta sa abin a bayan mai kallo.

Da an samu nisa uku na farko, sai a fitar da falaki na wucin gadi, a yi amfani da shi a sake lissafa bambancin alwatika da fili da kyau. A gyara lokutan gani kuma, domin haske yana cin kimanin minti 8 a kowane awo, Ceres kuma tana wajen awo biyu daga nan, saboda haka inda aka gan ta shi ne inda take fiye da minti 15 da suka wuce. A sake zagayowa har lambobin su daina motsi. Mataki na ƙarshe shi ne gwada falakin da sauran ganin da ba a yi amfani da su ba. Gauss ya yi haka, ya sauya ganin da ya zaɓa, ya sake, har falakinsa ya dace da jerin Piazzi da saɓanin 'yan daƙiƙoƙin kusurwa (digiri ɗaya mintin kusurwa 60 ne, minti ɗaya kuma daƙiƙa 60). Duk wannan da hannu da jadawalin logaridim.

Sakamakon: matsakaicin nisa kusan awo 2.77, bauɗewa kusan 0.08, karkata kimanin digiri 10 da rabi, zagaye ɗaya shekara huɗu da wata bakwai. Von Zach ya buga jadawalin a fitowar Disamba. Wurin da ya nuna yana gabas da na sauran da digiri da dama.

7 ga Disamba 1801 zuwa 1 ga Janairu 1802: an same ta

Ranar 7 ga Disamba von Zach, a cibiyar Seeberg kusa da Gotha, ya auna wani ɗigo a yankin da jadawalin Gauss ya nuna. Gani ɗaya ba ya tabbatar da komai, sai an ga motsi, gajimare kuma ya rufe sama makonni. Daren 31 ga Disamba ya samu sarari, ya tarar ɗigon ya bar wurinsa ya koma inda lissafi ya ce. Olbers ya same ta da kansa daga Bremen a farkon Janairu 1802. Tana burjin Sumbula, tazararta da hasashen Gauss kimanin rabin digiri. Daga 11 ga Fabrairu zuwa 7 ga Disamba kwana 299 ne.

Sarkin Sisili ya so a buga lambar zinariya don girmama Piazzi. Piazzi ya roƙi a sa kuɗin a sayi madubi mai bin juyawar sama, irin wanda ke iya riƙe abu a ko'ina ba sai a layin zawali ba.

1801 zuwa 2006: suna da matsayi

Tun abin yana ɓace ake jayayya kan sunansa. A Jamus an kawo Hera, an kawo Juno. Piazzi ya tsaya a kan cewa haƙƙin mai ganowa ne, ya sa mata Cerere Ferdinandea. Ceres abar bautar tsoffin Romawa ce da suke dangantawa da noma da hatsi, kuma ana alaƙanta ta da Sisili tun da can. Ferdinandea kuwa don Sarki Ferdinand ne, wanda cibiyar ke ƙarƙashinsa. Sauran ƙasashe suka karɓi rabin farko suka ƙi na biyu, domin ba su ga dalilin liƙa sunan sarkin wata ƙasa a sama ba. A 1803 aka gano wani sinadari aka raɗa masa cerium saboda ita.

Matsayinta bai daɗe a zaune ba. Ranar 28 ga Maris 1802 Olbers, yana bin Ceres, ya ci karo da Pallas a kusan nisa ɗaya daga Rana. Karl Harding ya gano Juno a 1804, Olbers ya ƙara da Vesta a 1807. Herschel ya lura cewa ko a babban madubinsa ba sa nuna faifai irin na duniyoyi, ɗigo ne kamar tauraro, ya ba su sunan jinsi na daban a 1802. Duk da haka littattafai sun ci gaba da lissafa huɗun cikin duniyoyi har aka gano Astraea a 1845, sababbi suka riƙa fitowa kusan kowace shekara. A farkon shekarun 1850 aka koma ba su lamba bisa jerin ganowa, Ceres ta zama ta 1. A watan Agusta na 2006, a taron Ƙungiyar Masana Falaki ta Duniya a Prague, aka sa ta a rukunin ƙananan duniyoyi tare da Pluto, saboda nauyinta ya isa ya dunƙule ta.

Ƙa'idar yau ta raba ganowa da suna. Sabon dutse yana samun lambar wucin gadi mai nuna shekara da rabin watan da aka gan shi. Cibiyar da ke tattara awon irin waɗannan duwatsu, wadda aka kafa a 1947 kuma yanzu take Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, ba ta ba da lamba ta dindindin sai falakin ya tabbata, galibi bayan an gan shi a kakar gani huɗu ko fiye, wato lokutan da Duniyarmu ke shiga tsakaninsa da Rana. Bayan lambar ne mai ganowa ke da shekara goma ya kawo suna, wanda bai wuce harafi 16 ba. Sunan ɗan siyasa ko na soja ba ya shiga sai ya shekara 100 da mutuwa.

Falakin kamar yadda aka san shi yanzu

Matsakaicin nisan Ceres daga Rana awo 2.77 ne, kimanin kilomita miliyan 414. Tana kusantowa zuwa awo 2.55, tana nisanta zuwa 2.98. Karkatar falakinta digiri 10.6 ne, zagaye ɗaya kwana kusan 1,680, saurinta wajen kilomita 18 a daƙiƙa. Duniyarmu tana shiga tsakaninta da Rana duk bayan kwana 467 ko kusa da haka, lokacin ne ta fi haske, kuma ko a mafi kyawun shekara ba ta wuce mataki na 6.7 ba. Waɗannan lambobi ba sa tsayawa cak, jan Jupiter yana motsa su a hankali, shi ya sa kowane jadawali ke ɗauke da ranar da aka lissafa shi.

Girmanta ya fi falakinta wahalar samu. Herschel ya ƙiyasta faɗinta kilomita 260, Johann Schröter ya ce ya haura 2,600. Kumbon Dawn, wanda aka harba a 2007 ya shiga zagayenta ranar 6 ga Maris 2015 ya yi aiki har 2018, ya auna kimanin kilomita 940, tana juyawa a kanta cikin awa 9 da 'yan mintuna.

Hukunci

Ba dushewar haske ce ta ɓatar da Ceres ba. Abu uku ne suka haɗu: na'urar da ake awo da ita a layi ɗaya kawai, jinkirin fitar da lambobi, da lissafin da ke zaɓar siffar falaki kafin ya saurari awo. A cikin ukun, na biyu ne ya fi sauƙin kaucewa kuma shi ne ya fi tsada. Da cikakken matsayin ya bar Palermo a makon farko na Janairu zuwa cibiyoyi da yawa, da akwai damar wani mai madubin da ke bin sama ya riƙe ta har Maris ko Afrilu, kuma awon wata uku ko huɗu ya fi na kwana 41 ƙarfi nesa ba kusa ba. Taka-tsantsan ɗin Piazzi yana da dalili, domin shelar sabuwar duniya da ta zama ƙarya abin kunya ne babba, amma ba sai ya yi shela ba kafin ya raba lambobi.

Ta wani gefen kuma, labarin yakan ba Gauss duk yabon, wannan ba adalci ba ne. Hanyarsa tana cin abinci ne daga 'yar lanƙwasar da ke cikin tafiyar digiri 3, kuma kuskuren 'yan mintunan kusurwa a gani na tsakiya ya isa ya haɗiye lanƙwasar baki ɗaya. Zoben Ramsden da haƙurin Piazzi na maimaita awo su ne suka sa akwai abin da za a lissafa. Sauran masu lissafin ma lambobin nan ne a gabansu, abin da ya raba su da Gauss shi ne sun rage yawan abin nema don aikin ya yi sauƙi, shi kuma ya bar shidan duka a buɗe.

Akwai kuma rabon sa'a. Hanyar gani uku tana rauni sosai idan falakin abin ya kusa kwanciya a faifai ɗaya da na Duniyarmu, domin a lokacin awon kudu da arewa ba ya ƙara wani bayani, lambobi shida na gani uku su zama kamar uku. Gauss ya san haka, ya ware wani sashe a littafinsa na 1809 don irin wannan hali, inda ake buƙatar gani huɗu. Karkatar Ceres ta digiri 10.6 ta fi ta kowace babbar duniya, kuma ita ce ta ba layukan uku isasshiyar tazara har lissafin ya kama.